Yadda ake gane kuɗin da ya dace a biya wa kwikwiyo mai asali a Yamai da Tahoua

Wanda ya fita neman kwikwiyo a Yamai zai iya jin farashi uku a wuni ɗaya, na ƙarshe ya ninka na farko sau goma. Yaron da ke tsaye bakin titi da kwali a hannu yana da nasa kuɗin, mai saka hotuna a Facebook yana da nasa, mai kiwon da ke da uwa a cikin gida shi ma da nasa, kuma dukansu "berje", wato wani irin babban kare na waje mai asali daga Jamus, suke kiran abin da ke hannunsu. Suna kam kowa yana iya laƙaba shi. Abin da kuɗinka ke saya shi ne hidimar da aka yi wa uwar tun kafin barbara, da wadda aka yi wa ɗan a makonni takwas na farkon rayuwarsa. Wannan hidima tana lissafuwa da alƙalami, tana kuma dubuwa da ido, kuma a kanta ya kamata farashi ya tsaya.

Magana ɗaya kafin lissafi, domin tana tsaya wa mutane da yawa a rai. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim da hani a kan kuɗin kare. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hanin, sannan ta ce malamai sun saɓa a kan sayar da karen da aka yi izinin riƙewa, irin na farauta da na tsaron dabbobi. Sahnun, cikin manyan Malikawa, ya halatta, haka ma mazhabar Abu Hanifa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya fara biyawa ta wurin malaminsa kafin ya tafi gidan mai kiwo.

Na farko: ka san aikin da kake so kare ya yi maka

A Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tahoua yana haura digiri 40 kusan kullum. Duk irin da za ka zaɓa, da wannan zafin zai zauna. Berje na Jamus da malinuwa suna jurewa in akwai inuwa mai kauri da ruwa a kowane lokaci. Rotwaila da burbul, saboda nauyin jikinsu, sun fi saurin galabaita. Masu gajeren hanci irin buldog da masu gashin ƙasar ƙanƙara irin haski, kiwonsu a nan wahalar da dabba ne, sai ga mai ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Malinuwa kuma kare ne na aiki: in ba a ba shi horo da gudu kullum ba, zai huce a kan tayar mota da tabarma da ƙafar baƙo.

Akwai kuma namu na gida, wanda mutane ke tsallakewa suna neman na waje. Karen Azawak, na makiyayan arewacin Tahoua, wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara, iri ne da duniya ta sani: ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, tana da ƙa'idarsa mai lamba 307, ƙungiyar karnuka ta Amurka ma ta shigar da shi cikakken rajistarta a 2019. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa da nauyin kilo 20 zuwa 25, mace 60 zuwa 70 da kilo 15 zuwa 20. Siriri ne, haƙarƙarinsa na bayyana ko yana cikin ƙoshi, don haka kada ka ɗauki ramarsa yunwa. Yana tsaro, ba ya sakin jiki da baƙo, zafi bai dame shi ba, cinsa kuma bai kai na berje ba. Macensa sau ɗaya takan nemi namiji a shekara, shi ya sa ba kowane wata ake samun ƴaƴansa ba. A wurin makiyaya da yawa kwikwiyo kyauta ake ba wanda aka yarda da shi, shi kuma ya yi tukwici na mutunci. Sai dai ka sani, wanda ya fito daga ruga galibi ba a yi masa allura ko ɗaya ba, duk wannan hidimar kanka za ta dawo.

Na biyu: ka fitar da kuɗin da ba za a iya sauka ƙasa da shi ba

Nan ne zuciyar maganar. Kafin ka taya kowane kwikwiyo, ka yi tafiya biyu. Ka je shagon da ake sayar da busasshen abincin karnuka, wanda ake kira kuroket, ka ji kuɗin buhu mai kilo 15 ko 20 na ƴan kwikwiyo, ka raba ka san kuɗin kilo ɗaya. Sannan ka je asibitin dabbobi ka tambayi kuɗin allurar farko ta kwikwiyo, da ta haukan kare, da maganin tsutsar ciki, da maganin kaska. Farashin nan yana motsi da kasuwa da halin da iyakoki ke ciki, don haka na ranar da za ka saya shi ne abin aiki.

Yanzu ɗauki karya berje mai kilo 30. A ranakun da ba ta da ciki tana cin wajen giram 400 a wuni. Cikinta kwana 63 ne, ko da ɗan ƙari ko ragi. Makonni shida na farko cinta bai canzawa sosai, wajen kilo 17 ke nan. Makonni uku na ƙarshe ana ƙara mata har wajen giram 550, kilo 12. Da ta haihu sai ci ya tashi: mai shayar da ƴaƴa shida tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba, a makonni takwas ta lashe wajen kilo 50. Ƴaƴan kuma daga mako na huɗu suke fara lasar jiƙaƙƙen abinci, kafin mako na takwas su shida sun ci kilo 25 zuwa 30. Jimla ta doshi kilo 110, buhu bakwai na kilo 15 da ɗoriya. Sauran kwana 246 na shekara ma uwar ba azumi take ba, wani kilo 100 ne, kuma mai kiwon kirki haihuwa ɗaya yake ɗauka daga gare ta a shekara, don haka wannan ma a kan ƴaƴan nan yake.

Mu sa lambobi na misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. Kai ka cire su ka sa waɗanda ka jiyo. A ce kilo ɗaya sefa 2,000 ne. Kilo 110 ya zama 220,000, kilo 100 na sauran shekara 200,000. A ce allurar farko jika goma ce kowane ɗa, su shida 60,000. A ce maganin tsutsa na zagaye huɗu, da na kaska, da rigakafin uwar na shekara, da zuwan likita, sun ci 70,000. Jimla 550,000. Mai namijin da aka kai wa barbara kuma, bisa al'adar masu kiwo, ko a ba shi kuɗin kwikwiyo ɗaya ko ya zaɓi ɗa guda. Saura biyar. Raba 550,000 gida biyar: 110,000 kowanne, jika ɗari da goma.

Ka lura da abin da bai shiga ba: kuɗin da aka sayi uwar, shekara biyun da aka yi ana ciyar da ita kafin ta fara haihuwa, ginin ɗakinta, ladan mai shara, ɗan da ya mutu a kwanakin farko, fiɗa in haihuwa ta gardama, da ribar mai kiwo. Saboda haka, a ganinmu, ga kwikwiyon irin waje da aka haifa a nan, mai lafiyayyun iyaye da cikakken katin allura amma ba takardar asali, farashin adalci yana tsakanin wannan ƙasan, wato mafi ƙarancin kuɗin da muka lissafa, da ninkinsa biyu. In ƴaƴan uku ne kawai, ƙasan zai tashi. In takwas ne ko tara, zai sauka. Wanda ya sallama maka a rabin ƙasan, wani abu ya tsallake, kuma abin da aka fi tsallakewa uku ne: abincin uwa, allura, da makonni biyu ko uku na ƙarshe da ya kamata ɗan ya yi a gindin uwarsa. Araha ba ta ado.

Wasu masu kiwon da kansu suke dafawa: shinkafa ko tsaki, kai da ƙafar kaza, tumbi, kifi, ƙwai. Wannan yana rage kuɗi kuma ba laifi ba ne, in an san abin da ake yi. Ka tambaye shi ina sinadarin ƙashi yake fitowa a girkin nasa. Tsokar nama da shinkafa zalla ba su da isasshen kalsiyam, kuma kwikwiyon babban iri da aka raina a kansu ƙafafunsa na gaba sukan lanƙwashe, ƙashinsa ya yi laushi. In ya amsa maka dalla-dalla, ya san aikinsa. In ya ce "ai abin da muka ci suke ci", ka rage abin da za ka taya.

Na uku: ka je gidan da ƙafarka

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura ko dala ta waya a kan hoto, kada kuma ka yarda a kawo maka kwikwiyo tasha ko bakin kasuwa. Mai kiwon da ya san abin da ya shuka ba ya ƙin a shigo. Zai ma iya sa ka wanke hannu, ko ka taka ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa, ko ya tambaye ka ko ka biya ta wani gidan karnuka a ranar. Kada ka ji haushi, ƴaƴansa yake karewa, kuma alama ce mai kyau.

Uwar za ka fara nema. Mai shayarwa takan ɗan rame, gashinta ya zube, nonuwanta su saki. Wannan daidai ne, shi ne ma shaidar ita ta haife su. Abin da ba daidai ba shi ne ƙashin ƙugu a tsaye kamar na saniyar bazara, kunnuwa cike da kaska, ko fata mai ƙazuwa. Ka tsaya nesa kaɗan ka ga yadda take karɓar mai gidan. Ta yi maka haushi ba komai, aikinta ne. Amma in mai ita ma yana shakkar kusantarta, ko tana rakuɓewa a lungu jiki na rawa wutsiya a matse, ka sani ƴaƴa suna gadon hali kamar yadda suke gadon launi, kuma makonnin farko daga gare ta suke koyon yadda ake kallon mutum.

Ka tambaya a hankali: "Malam, shekarunta nawa? Haihuwarta ta nawa ce wannan? Yaushe ta yi ta baya?" Karyar babban iri bai kamata a fara yi mata barbara ba sai ta kai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Yawancin karnuka duk wata shida suke neman namiji, kuma mai neman kuɗi da gaggawa ba ya barin ko ɗaya ya wuce. Uwar ta ƙare, ƴaƴan su fito ƙanana marasa ƙwari. Uban in ba ya gidan, a nuna maka inda yake ka je ka gan shi. Ka tambayi dangantakarsa da uwar. Karnukan irin waje ba su da yawa a garuruwanmu, don haka haɗa uba da ƴa ko wa da ƙanwa yana faruwa, kuma daga nan ne cututtukan gado ke fitowa fili.

Ka sa a tayar da iyayen su yi tafiya, sannan su ɗan yi gudu. A berje da rotwaila da burbul ciwon gaɓar ƙugu shi ne babban abin tsoro: kan ƙashin cinya ba ya zama daram cikin gurbinsa, kare ya girma yana ɗingishi, yana wahalar tashi. Alamarsa a babba ita ce haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle kamar zomo in yana gudu, ko jan jiki kafin ya miƙe. Tabbacinsa sai da hoton ƙashi bayan kare ya cika shekara, ana kuma ba shi daraja daga A zuwa E: A da B lafiya, C da ɗan matsala, D da E ba a kiwo da su. Mai kiwon da ya nuna maka hoton ƙugun uwa da uba ya cancanci ƙarin kuɗi na gaske, domin ya cire maka kaso mai yawa na haɗarin shekara goma.

Na huɗu: ka duba ɗan, ka tabbatar da kwanakinsa

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. Wanda aka cire a mako huɗu ko biyar yana tasowa da cizo marar kan gado da tsoro da kukan dare, domin a tsakanin ƴan'uwansa ne yake koyon iyakar wasa. Masu sayarwa sukan ƙara wa ɗa kwanaki, don haka baki za ka buɗe. Haƙoran nono suna fara fitowa a mako na uku, kafin mako na takwas sun cika 28, ƙanana masu tsini kamar ƙaya. In na can ciki ba su gama hudowa ba, bai kai ba. Akasin haka ma yana faruwa: a kawo ƙaramin kare mai wata huɗu da yunwa ta tsumburar, a ce wata biyu ne. Wannan za ka ga haƙoran gaba sun fara zubewa, manya masu faɗi suna maye gurbinsu. Ka ɗora shi a sikeli: berje mai mako takwas yakan yi wajen kilo 6 zuwa 8. Kunnensa bai tsaya ba tukuna, kuma wannan ba aibi ba ne, sai wajen wata huɗu zuwa shida suke miƙewa.

Ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa. Wurin zai yi fari, ka saki, jan ya dawo kafin ka ƙirga biyu. Dasashin da ya yi fari fat tun kafin ka taɓa, jini ne ya yi ƙaranci, ko tsutsa ko ciwon kaska. Ka kama fatar bayan wuyansa ka ɗaga ka saki: ta koma nan take, in ta tsaya a tattare, ruwan jikinsa ya ƙare. Ido ba kwantsa, hanci ba majina mai kauri, kunne ba wari. Ka buɗe tsakanin yatsun ƙafa da cikin kunne, nan kaska ke ɓuya. Ciki ya zama a cike amma da laushi. Wanda ya kumbura kamar tulu alhali haƙarƙari a waje, tsutsa ce. Shafa cibiya ko akwai ƙullutu mai laushi da ke komawa in an danna. In namiji ne, ka laluba ƴaƴan marainansa. Galibi a mako takwas sun sauko duka biyu, in ɗaya bai sauko ba har wata shida, ba karen kiwo ba ne kuma kuɗinsa ya ragu. Ɗaga wutsiya ka ga ko gashin wurin ya manne da zawo. Sannan ka duba ƙasan ɗakin da kanka, kashin da ke wurin ya fi mai kiwo faɗin gaskiya.

Daga nan ka ajiye shi ƙasa, ka tsuguna, ka tafa hannu a hankali. Lafiyayye zai ɗan tsaya, ya karkata kai, ya taho yana shinshina yatsunka. Ka saki makullai a bayansa su yi ƙara: ya zabura ba komai, in dai ya dawo ya duba abin da ya faɗi. Wanda ya gudu ya ɓuya bai sake fitowa ba, mai gida mai yara ya bar shi. Kuma ka duba ƴan'uwansa duka. In ɗaya yana kwance a gefe ba ya wasa, wanda ka zaɓa ma ya sha abin da ya sha.

Na biyar: katin allura

Katin da ake kira karne shi ne takardar da ta fi kowace muhimmanci a cinikin nan, kuma shi aka fi yin ƙarya da shi. Rubutun biro kawai ba shaida ba ne. Kowace allura tana zuwa da ƴar takarda mai manne a jikin kwalbarta, mai ɗauke da sunan maganin, lambar rukuninsa da ranar lalacewarsa. Likita yana ɓare ta ya manna a katin, ya sa kwanan wata, sa hannu da hatimi. A kanta za ka ga haruffa irin CHPPi ko DHPPi, wani lokaci da L. R kuma ita ce ta haukan kare. Ka ɗauki sunan asibitin da ke kan hatimin, ka je ko ka kira ka tabbatar sun san ƴaƴan.

Tsarin da aka saba: allurar farko a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ɗan ya sha a nonon farko tana iya kashe ƙarfin allura, kuma ba a rana ɗaya take ƙarewa a jikin kowane ɗa ba. Ta haukan kare daga mako 12 ake yi. Saboda haka mai mako takwas allura ɗaya ce a katinsa, sauran naka ne. Wanda ya ce maka ɗan wata biyu "an gama masa komai har ta hauka", ko bai san aikin ba ko yana ruɗinka. Maganin tsutsa kuma a mako na 2, 4, 6 da 8, daga nan wata-wata har wata shida. A nuna maka ranakun da sunan maganin.

Ka tambayi wanda ya yi allurar da inda aka ajiye ta. Rigakafi yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta yi wuni a aljihu ko a firigon da wuta ta ɗauke masa tun safe, ruwa ce kawai, ko da takardarta ta gaske ce. Wasu daga cikin ƴan kwikwiyon da ke mutuwa "bayan an yi musu allura", irin wannan aka tsira musu.

Na shida: maganar takardar asali

Nan ne farashi ke tsalle, nan ne kuma ake yawan cutar mutane. Takardar asali ita ce wadda ƙungiyar kiwo da aka sani ta bayar, mai jera iyaye da kakanni da lambobinsu. Ta Faransa sunanta LOF, tun 1885 ake riƙe da littafinta, kuma ana iya bincika sunan kare da lambarsa a intanet. Karen da ya fito daga can yana ɗauke da ƴar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, wadda ake kira pus, mai lamba 15. Ta Faransa da 250 take farawa. Likita mai na'urar karantawa ya goga a wuyan kare, lambar da ta fito ta dace da ta takarda. In ba ta dace ba, takardar wani kare ce.

Lissafi ma yana tona asiri. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Kwikwiyon berje mai LOF a Faransa yakan haura Yuro 1,000, wato sama da sefa 655,000 tun bai hau jirgi ba, ban da tikiti, akwatin tafiya da takardun likita. Wanda ya ce nasa daga can ya sauka jiya kuma zai bar maka a jika ɗari, ba sai ka ƙara tambaya ba. Takardar uba shi kaɗai kuma ba ta mayar da ɗa mai rajista. Tana dai nuna rabin asalinsa, ana iya ƙara wani abu saboda ita, amma ba kuɗin mai cikakkiyar takarda ba. Ga mai neman karen tsaron gida, lafiyayyun iyayen da ya gani da idonsa sun fi masa takarda amfani. Takarda ta mai niyyar kiwo ce.

Na bakwai: ciniki da rubutu

Ka taya da hujja. "Alhaji, na ga uwa, na ga kati, amma uban ban gan shi ba, hoton ƙugu ma babu, ga abin da zan iya." Irin wannan tayin mai kiwo na gaske yana girmama shi, ko da zai ce albarka. Abin da ke ƙara kuɗi da haƙƙi: hoton ƙugun iyaye, allura ta biyu in ɗan ya kai mako 12, pus, takardar asali da aka tabbatar, da fara horo. Abin da bai kamata ya ƙara ko dala ba: "launi mai wuyar samu", girman kai da tafin ƙafa, yanke kunne ko wutsiya, da cewa uban "mugu ne ƙwarai". Mugunta marar linzami aibi ce, wata rana ɗan maƙwabci za ta faɗa wa. In da dillali a tsakani, a faɗi la'adarsa a fili tun farko, a san wanda zai biya.

In ƴaƴan ba su kai mako takwas ba, ka ba da kafin alƙalami, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, a rubuta, a sa wa naka alama da zare mai launi a wuya, ka ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe. Ranar ɗauka a rubuta takarda ko da rabin shafi ce, da shaida ɗaya: ranar haihuwa, jinsi, launi, kuɗin da aka biya, allurar da aka yi. A sa sharaɗi cewa za ka kai shi wurin likitan da ka zaɓa cikin kwana biyu ko uku, in an sami aibin da aka ɓoye a mayar maka da kuɗinka. A kuma rubuta abin da za a yi in cutar parbo ta bayyana a kwanakin farko. Ita wannan cuta, mai amai da zawon jini mai ƙarni, takan yi kwana uku zuwa bakwai a jiki kafin ta fito, don haka ɗan da ya kwanta washegarin zuwansa gidanka, daga can ya taho da ita. Mai kiwon da ya ƙi sa hannu a kan wannan, ka yi masa sallama.

Shi ma zai yi maka tambayoyi in na kirki ne: gidanka da katanga? Wa zai riƙa ba shi abinci? A ɗaure zai wuni? Ka amsa da gaskiya.

Na takwas: kuɗin da ke jiranka a gida

Kada ka zuba duk abin da ke aljihunka a saye. Berje mai tasowa zai ci abin da ya doshi kilo 120 zuwa 150 na kuroket a shekararsa ta farko. Da farashin misalin nan na sama, wannan kaɗai ya haura kuɗin sayensa. Ga allura biyu da suka rage, ga ta hauka, ga maganin tsutsa da na kaska, ga rumfa. Wanda kuɗin abincin shekara zai gagare shi, ya ɗauki Azawak ko karen gida ya yi masa cikakkiyar allura, zai fi samun biyan buƙata.

In daga Yamai za a kai shi Tahoua, tafiyar ta haura kilomita 500 ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. A tashi da asuba, a sa shi cikin akwati mai iska a inda mutane ke zaune, kada a but ko saman mota. A rage masa abinci kafin tashi, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kada kuma a sauke shi ƙasa a tashoshin hanya inda karnuka ke yawo.

A gida ka karɓi abincin kwana bakwai irin wanda ya saba daga wurin mai kiwo, ka riƙa cuɗa shi da naka kana ƙara naka a hankali. Canjin rana ɗaya zawo yake kawowa. Ci sau huɗu a wuni har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Ban da madarar shanu, ban da dafaffen ƙashin kaza, ban da miya mai albasa. Kada ka ba shi parasetamol, kada ka wanke shi da maganin kaskar shanu, kada wani ya tsira masa allurar tsutsar dabbobi da ƙiyasin ido. Waɗannan ukun suna kashe ƴan kwikwiyo. Ba ya fita titi sai mako ɗaya zuwa biyu bayan allurar mako 16. In kare ya taɓa mutuwa da zawon jini a gidan, ƙwayar parbo tana iya yin watanni har shekara a ƙasa: a wanke daɓe da kwanuka da jabel, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye, wurin da yake turɓaya kuma a killace shi kada ɗan ya taka. Ranar da ya cika mako 12 ka rubuta ta a bango tun yau, ranar allurar haukan kare ce. Kafin ta zo, da ma bayanta, duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa har fata ta fashe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya wuce asibiti a ranar.